Ustaz Hilmi Bai Rikice Ba

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Ustaz Hilmi al-Fashni a gidansa da ke unguwar Shubra, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Ya karya kumallo da wake da gurasa kamar kullum, ya fita baranda ya ba shukokinsa ruwa, ya zauna a kujera ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin ta dawo da kofin ruwa rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, mun shirya ko ba mu shirya ba. An ɗauke shi zuwa garinsu Fashn, aka binne shi kusa da mahaifinsa bayan sallar La'asar.

Mutane kaɗan ne suka san fuskarsa. Amma duk gidan da ke da talabijin a ƙasar nan ya san muryarsa, domin shi ne Tulba Afandi na wasan katun ɗin nan, 'Yan Hawa na Bakwai, wanda ake nunawa kowane azumi bayan shan ruwa, shekara ashirin da huɗu ke nan ba fashi. Ni kuma Insaf Rashwan nake, ni ce muryar Sitt Fatahiyya, matar Tulba. Shekara ashirin da huɗu ina tsaye a hannun hagunsa a gaban makirfo.

Ustaz Hilmi, ba yabonka kaɗai ya sa na zauna yin wannan rubutu ba. An yabe ka a jaridu, an yabe ka a rediyo, kuma duk wanda ya yabe ka sai ya rage murya a ƙarshe ya ce Allah sarki, a shekarunsa na ƙarshe kai ya fara rikicewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ni kaɗai na san ba gaskiya ba ce. Idan na faɗi dalili, mai yiwuwa aikina ya ƙare daga ranar. Kwana goma sha biyar ke nan ina juya abin a raina. Yau dai na kira yayata Afaf na ce ta ɗauko biro da takarda, ina faɗa tana rubutawa. Bari in fara da kai tukuna, kafin in zo ga kaina.

Kai ka gina Tulba Afandi da bakinka. A takarda, darakta kuma marubucinmu, Ustaz Ma'amun, wani ma'aikacin ofishin karɓar koke-koke kawai ya rubuta, mai iyali a hawa na bakwai na wani bene da liftarsa ta mutu tun fitowa ta farko. Kai ka ƙara masa hakin nan na wanda ya hau matakala ɗari da arba'in da kankana a hammata. Kai ka ƙirƙiro cewa duk shekara Tulba yana rubuta koke a kan liftar, ya kai ofishinsu, takardar ta zagayo ta iso teburinsa, shi da kansa ya ƙi amincewa da ita saboda ba a manna mata kan sarki daidai ba. Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a gyara, amsarsa ɗaya ce: Alhamis. Yaran da suka fara jin wannan Alhamis ɗin yanzu su ke riƙe da nasu yaran a cinya suna jira. Ɗanmu na wasa, Tirmis, har yau yana aji uku na firamare, alhali Madam Sausan da ke yin muryarsa ta yi jika huɗu. Shekarar da Tulba ya goyo ragon layya har hawa na bakwai, ragon ya ƙi saukowa ya zama ɗan gida har shekara uku, kukan ragon ma kai ne. Ba a rubuta sunanka a kansa ba, ka ce a bar rago da mutuncinsa.

Ba zan manta ranar da muka shiga tasi tare daga Dokki, unguwar da sutudiyonmu yake, ba. Kana cewa direba ya bi ta gada, sai ya taka birki ya waiwayo.

"Afandi, kai ne? Wallahi kai ne! Ka ji tsoron Allah ka gyara wa baiwar Allahn nan lifta, gwiwarta ta gama yawo!"

Ka gyara zama, ka yi gyaran murya, ka ce, "Alhamis."

Direban ya yi dariya har sai da na bayanmu suka dame mu da oda, ya kira matarsa a waya ya miƙa maka ka faɗa mata ita ma. Haka kake da kowa. Uwa ta rubuto cewa ɗanta yana kwance ya ƙi shan magani, sai ka nemi lambar ka kira da muryar Tulba ka ce ofis ya samu koke a kansa, in bai sha ba za a buga masa hatimi a goshi. Ba ka taɓa faɗa wa kowa kana yin haka ba, a bakin iyayen muke ji daga baya. Sau ɗaya kawai na ga ka ajiye takarda ka ƙi yin aiki, ranar da aka rubuto barkwanci a kan mai i'ina. Ka ce wa Ustaz Ma'amun, "A gidan da ake kallonmu akwai yaro mai i'ina zaune a cikin 'yan'uwansa, da bakinsa cike da dabino. In suka yi dariya ina zai kalla? Ku yi wa Tulba dariya, shi ya sa muka haife shi." Aka soke wurin.

Yanzu sai in faɗi yadda muke aiki, don a gane abin da ya faru. Mu ake fara ɗauka kafin masu zane su taɓa komai. Mukan tsaya mu shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, kowa da takardarsa a hannu, mu yi wasan daga farko har ƙarshe kamar na rediyo, sannan a kai wa masu zane su zana bakin da zai dace da muryar. A irin wannan tsayuwa, abin kunyar da ya fi kowane shi ne cin jimla, wato ka karanta maganar abokin aikinka a zaton taka ce. Sabon shiga ne ke yin haka, ko wanda hankalinsa ba ya wurin. Tun zamanin malamanmu na rediyo, wanda ya ci jimla shi zai dafa wa kowa shayi a ranar, ana yi masa tsiya har a tashi. Shekara ashirin da ɗaya Ustaz Hilmi bai taɓa dafa shayin nan ba. Shi ne ma sarkin masu tsiyar, yakan ce wa mai laifi a saka masa sukari biyu da nadama ɗaya.

Shekara uku da suka wuce idona ya fara mutuwa daga tsakiya. Likita ya nuna mini hoton cikin idon, ya ce ciwon tsufa ne, ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Abin da na kalla kai tsaye shi ne ba na gani. Gefe da gefe ina gani, shi ya sa nake tafiya a titi lafiya lau, in hau mota in sauka, ba mai cewa komai. Amma fuska da rubutu sun tafi. In na dubi takarda, sai in ga farin gefenta da wani duhu a inda kalmomin suke.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma ga dalili. A sutudiyonmu in ka shigo ka ga kek a kan tebur, to wani zai tafi. Haka aka yi wa Amm Zakariyya mai muryar maigadin bene lokacin da kunnensa ya yi nauyi. Aka yanka kek, aka ba shi furanni, aka yi jawabi, a azumin da ya biyo baya ya zauna a gidansa yana jin wani yana magana da bakin maigadinsa. Ban ce an zalunce shi ba, aiki ne, kuma watan azumi ba ya jiran kowa. Ni dai na san ba zan iya ba. Mijina ya rasu, ɗana yana wata ƙasa da iyalinsa, Fatahiyya ce kaɗai ke tashina da safe. Tunanin in kunna talabijin in ji wata mace tana amsa wa Tulba ya fi mini makantar ciwo. Son kai ne, na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Wata biyu na yi ina dabara. Ina kai takardar gida in sa gilashin ƙara girman rubutu in bi harafi harafi da gefen ido har kaina ya yi kamar zai tsage, in haddace. Kai ka fara lura. Wata ranar Lahadi bayan an tashi, ka ce in zo ka saya mini ruwan rake a shagon da ke bakin titi. Muna tsaye ka shafa aljihu ka ce, "Kash, na bar tabarau a sama. Insaf, karanta mini allon can, me da me suke da shi yau?"

Na ɗaga kai na ce, "Rake, mangwaro, lemo, gwaba."

Sai ka ce, "Sanarwar rasuwa ce. Ƙanin mai shagon ne ya rasu."

Na tsaya da kofi a hannu. Na ce don girman Allah kada ka faɗa wa Ma'amun. Ka ce, "Ni da na shekara ashirin ina ɓoye wa mutum miliyan ɗari cewa ba za a gyara lifta ba? Sha rakenki, Madam."

Daga makon nan, duk ranar Asabar da hantsi sai ka kira ni a waya ka karanta mini wasan gaba ɗaya sau biyu, da muryar kowa, har da ragon in yana ciki. Kunnena na rediyo ne, sau biyu ya ishe ni. Ranar Lahadi in riƙe takarda ina juya shafi lokacin da na ji kowa ya juya. Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda ya cutu. Amma duk wanda ya yi aiki da Ustaz Ma'amun ya san ba ya barin rubutu ya huta. Ana tsakiyar ɗauka zai ɗaga hannu ya ce dakata, ya zo da jan biro ya soke jimla a takardar kowa ya rubuta sabuwa, ya koma bayan gilashi ya ce mu je. Ranar farko da ya soke tawa, na ji ƙarar bironsa a kan takardata, na dubi wurin ban ga komai ba sai ja-ja a gefe. Aka ce mu je. Tulba ya faɗi tasa, ya rage saura ni, ɗaki ya yi tsit.

Sai na ji ka ci gaba da muryar Tulba, kai tsaye, ka karanta jimlata daga farko har ƙarshe. Sannan ka dafe goshi ka ce, "Au! Wannan ta Fatahiyya ce? Ku gafarce ni, jama'a."

Ɗakin ya kaure da ihu. Madam Sausan ta yi guɗa da muryar Tirmis tana cewa Baba ya ci jimla, Baba zai dafa shayi. Aka sake ɗauka, ni kuwa na riga na ji, na faɗe ta daidai. Ka shiga kicin ka dafa shayin mutum tara kana waƙa. Ka miƙo mini nawa kamar na kowa ka wuce.

Na farko dariya aka yi, na biyu ma haka. Amma Ma'amun yana soke mini jimla sau uku, sau huɗu a rana ɗaya, kuma kowane sau sai ka ci. Don kada a ce me ya sa tawa kaɗai kake ci, sai ka fara cin ta Sausan da ta wasu jefi-jefi. Kafin shekara ta zagayo an daina dariya. An daina cewa ka dafa shayi, sai wani ya tashi shiru ya dafa. Na fara jin ana rage murya in ka fita. Na ji da kunnena wani daga cikin masu ɗaukar sauti yana cewa haka na kakansa ya fara. Ina tsaye a wurin, da takarda a hannu, ban ce uffan ba.

Sai maganar ta isa gida. Ustaz Ma'amun, da kyakkyawar niyya, ya kira 'yarka Nuha ya ce a duba lafiyar Baba. Nuha mai harhaɗa magunguna ce, ba ta wasa da irin wannan. Ta kai ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. A wayar Asabar ka ba ni labari kana dariya, ka ce, "Ya ce in zana agogo. Na zana masa har da ƙararrawa da sunan kamfani." Likitan bai ga komai ba, amma ya ce farkon abin yakan ɓuya, a sa ido. Aka kuwa sa ido. Daga ranar, duk mantuwar da kowane ɗan Adam ke yi, in kai ka yi ta sai ta zama shaida. Ka manta inda ka ajiye tabarau, matarka Madam Kausar ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ka kira jikanka da sunan ɗan'uwansa, a kalli juna. A bara Nuha ta karɓe makullin tsohuwar motarka, wadda ka fi shekara talatin kana wanke ta da hannunka duk Juma'a. Ka koma shiga jirgin ƙasa kana tsayuwa cikin cunkoso daga Shubra har Dokki, da shekara saba'in a kanka.

Ranar da na ji labarin makullin na ce maka ya isa haka, zan je in faɗa wa Ma'amun. Ka ce, "Ke dai ki bari a gama na bana tukuna. Ni tsufa aka ce na yi, kuma ai ba ƙarya aka yi mini ba. Tsoho in ya ci jimla a ce Allah sarki, a bar shi ya ci gaba don babu wani Tulba. Ke kuwa kek za su yanka miki." Na ce to ko Madam Kausar ka faɗa wa. Ka ce Kausar ba ta iya riƙe magana ba, in ta ji da safe, kafin azahar mai sayar da tumatir ya ji, kuma amanar ba taka ba ce da za ka raba.

A nan Afaf ta ajiye biro ta ce in tsallake abin da zan faɗa yanzu, na ce ta rubuta. Da rabin baki na yi maganar nan. Lokacin da ka ce in bari, wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina. Ban sake tayar da zancen ba. Aka gama na bara, aka shiga na bana, ina ta ce wa kaina bayan wannan fitowar, bayan waccan. Tulba aƙalla yana da rana ɗaya da yake ambata, ni ko ranar ban sa ba.

Mun ɗauki fitowa ashirin da ɗaya daga cikin talatin na azumi mai zuwa sai aka kira ni da labarin rasuwarka. Abin da ya fara zuwa raina bayan salati, Allah ya yafe mini, shi ne wa zai kira ni ranar Asabar.

Ranar Lahadin da ta wuce aka koma aiki. An kawo Ustaz Ra'uf ya ƙarasa fitowa taran da suka rage. Mutumin kirki ne, ya iya muryarka har tsigar jikina ta tashi, ya zo da takardarsa ya ja layi a ƙarƙashin kowace jimlarsa da koren biro. Ba ya kuskure, Allah ya saka masa da alheri. Ni kuwa na kwana biyu ina fama da gilashina, na haddace abin da na iya. Shafi biyu muka yi lafiya. A na uku Ma'amun ya ɗaga hannu, ya zo ya soke, ya rubuta, ya koma. Ra'uf ya faɗi tasa ya tsaya, yana jirana cikin ladabi. Na ji kaina na ɗan karkata dama, ina sauraro. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Ma'amun ya yi magana ta lasifika a hankali, ya ce, "Madam Insaf, ke ake jira." Na kama tari. Sausan ta rungume ni tana kuka, ta ce baƙin ciki ne, a ƙyale ta, ai mijinta ne na shekara ashirin da huɗu. Aka ɗage aikin zuwa Lahadi mai zuwa. Na fito da tausayin da ban cancanta ba, na tsaya a bakin titi har motoci uku suka wuce ni ban iya ɗaga hannu ba.

Da wannan ne kaɗai, wataƙila da na sake neman wata dabara, don na ga alama dabara ba ta ƙare mini. Abin da ya hana ni sakat ya faru tun kafin nan, a zaman makoki, kwana biyu bayan rasuwar. Na shiga ɓangaren mata, Nuha ta riƙe hannuna ta ce, "Tanti Insaf, zo ki zauna kusa da Mama, tun ɗazu take tambayarki." Na zauna. Madam Kausar ta kama hannuna da nata biyu. Ta yi mini godiya. Ta ce ta san irin haƙurin da muka yi da shi a wurin aiki, musamman ni da ya fi damu, kuma ban taɓa kai ƙararsa ba. Sannan ta matso kusa da kunnena ta ce, "Shekara biyu ban yi barcin kirki ba, Insaf. Kullum da safe in na kawo masa shayi sai na tsaya in ji ko zai kira sunana. Na gode wa Allah da ya ɗauke shi bai manta ni ba."

Na ce mata Allah ya ba da haƙuri. Abin da na ce ke nan, na sha gahawa, na tashi.

Madam Kausar, da ke nake yanzu. Mijinki bai rikice ba, ko na rana ɗaya. Mutumin da ake cewa ya fara mantuwa yana riƙe da jimlarsa da tawa da ta kowa a kansa, yana lura da inda jan biro ya sauka a takardar da ba tasa ba, yana lissafin daƙiƙar da zai yi kuskure don ya fito kamar na gaske. A duk shekarun da na yi a wannan sana'a ban ga aikin da ya kai wannan wuya ba, kuma ya yi shi shekara uku ba wanda ya gane. Ba a taɓa yin safiyar da zai manta sunanki ba. Tsoron da kika kwana da shi shekara biyu ba shi da tushe, ni na jawo miki shi, ina sane, ina kallo. Nuha, hannun babanki a kan sitiyari lafiyarsa ƙalau. Abin da aka nuna miki kika yi aiki da shi, kuma kowace 'ya ta gari haka za ta yi. Kada ki ɗora wa kanki komai, ki ɗora mini.

Ustaz Ma'amun, ka rubuta a jarida cewa kun riƙe shi a shekarunsa na ƙarshe saboda halacci. Na san da zuciya ɗaya ka rubuta. Amma shi ne ya riƙe mu, ni da fitowa tamanin da ɗaya da ba za su kammalu a kan lokaci ba in ba don shi ba. Ina roƙonka ka gyara wannan magana a inda ka faɗe ta. Ranar Lahadi zan zo da ƙarfe goma kamar kullum. Ba na ganin rubutu, ba kuma zan sake gani ba. In akwai hanyar da za a bi da ni a ƙarasa taran nan, ina so, Allah ya sani ina so. In babu, ka faɗa mini a ofishinka mu biyu. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma sau biyu na ce wa Afaf ta yaga takardar ta ƙi.

Ustaz Hilmi, ka rufa mini asiri da mutuncinka, abin da ɗan wasa ba shi da kamarsa. Ya Allah, Kai ne Mai suturta bayinka, ka suturta shi ranar da asirai za su tonu. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa dariyar da ya saka a bakin masu azumi, da yaran da ya lallasa suka sha magani, da kunyar da ya ɗauka wadda ba tasa ba, su zame masa nauyi a mizani. Ƙaryar da ya yi domina, ya Ubangiji, ni na sa shi, kada ka tambaye shi ita. Ka sada shi da iyayensa a Aljanna Firdausi, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Madam Kausar, da Nuha da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan'uwansa na Fashn, da abokan aikinmu, da duk gidan da za a sha ruwa bana a ji muryarsa a san ba ya nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

An ce mini wannan rubutu zai fito ranar Juma'a. Madam Kausar, ranar Asabar da hantsi zan zo Shubra in ƙwanƙwasa ƙofarki. In ba ki buɗe ba, kin yi daidai, zan juya in tafi ba tare da na ga laifinki ba. In kuma kin buɗe, ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki tsaya ki yi shiru kina kallona. Ki yi magana, ko zagi ne, domin ba zan ga fuskarki ba.